Hattara da masu tallar tsofaffin littattafai da hatimin jabu

Jama'a, masu sha'awar tara tsofaffin littattafan bugun farko-farko, a yi hattara da wani salon damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Mutum zai turo maka hoton littafi mai bangon fata da adon ruwan zinare, ya ce an buga shi kafin 1501, gado ne daga ɗakin karatun wani basarake, ga hatimi, ga takardar shaida. Sai ya ƙara da cewa wani mai so yana jira, ka tura kafin alƙalami yau ɗin nan. Ka nemi hoton shafukan ciki, sai ya sake turo na bango.

Duk abin da yake nuna maka, wato bango da hatimi da labarin gado, su ne suka fi sauƙin ƙirƙira.

Wanda yake ganin shi ya fi ƙarfin a cuce shi, ya tuna da Marino Massimo De Caro, wani ɗan Italiya. Shi ya sa aka buga jabun littafin masanin taurari Galileo na 1610 mai bayanin abin da ya hango a sararin sama, aka manna masa hatimin ɗakin karatun Federico Cesi, basaraken da ya tsaya wa Galileo, har da sa hannun Galileo. A 2005 wani kantin tsofaffin littattafai a New York ya saye shi dala dubu 500. Manyan masana suka duba suka ce na gaske ne. Sai a 2012 masanin tarihi Nick Wilding ya bankaɗo cewa jabu ne. A shekarar ce kuma aka kama De Caro bisa kwashe littattafan ɗakin karatun Girolamini na Naples, inda shi ne darakta. To idan aka iya rufe idon waɗannan da littafi a hannunsu, ina ga kai da hoto kawai ka gani a waya?

Bango kuwa, kada kyansa ya ruɗe ka. Tsohuwar dabara ce a ɓalle littafi maras daraja daga bangonsa na asali, a cusa wani a ciki, don a ce wani sarki ne ya mallake shi. Duba ko kaurin littafin ya dace da ƙashin bayan bangon, ko sunan da ke jiki an kankare an sake, ko takardun farko da na ƙarshe sun fi sauran sabunta. Ramukan da ƙwari suka huda su ma shaida ne: idan sun ratsa shafuka sannan suka tsaya cak ba su taɓa bango ba, tambaya ta taso.

Ka sa mai tallar ya ɗaga shafi a gaban haske ya ɗauki hoto. Takardar wancan zamani da hannu aka yi ta daga tsumma, ana ganin layuka da tambarin mai yin ta a cikinta. Takarda mai sumul marar layi sai wajen 1757 ta bayyana a Ingila. Sau da yawa littafin na gaske ne amma ya rasa shafuka, aka cike gurbin da kwafi aka yi shiru. Don haka ka nemi lissafin shafuka ɗaya bayan ɗaya, ka kuma nemi littafin a kundin ISTC, wanda ya jera littattafan ƙarni na 15 da inda suke.

Abin da ya fi damuna shi ne na sata. A ɗakin karatun Carnegie na Pittsburgh a Amurka an gano a 2017 cewa mai kula da kayan ya yi shekaru yana fitar da su, asarar kusan dala miliyan 8, ana buga wa wasu hatimin ƙarya wai ɗakin karatun ne ya sallame su. Ka sayi irin wannan, ranar da masu shi suka zo, littafi ya tafi, kuɗi sun tafi.

Idan ka ga hatimin wani ɗakin karatu, rubuta musu da kanka ka tambaya. Ka nemi salsalar masu littafin a rubuce, da gidan gwanjo da shekarar da aka sayar. Dillalin da ke cikin ILAB, ƙungiyar dillalan tsofaffin littattafai ta duniya, yakan yarda a dawo da kaya idan bayaninsa bai inganta ba. Wanda ya ƙi rubuta maka wannan sharaɗi, kada ka tura masa ko sisi.