Gargaɗi: wanda ya ce in yi bincike da kaina shi ne ya cinye mini dala 2,400

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina juya maganar nan a raina kafin na iya rubuta ta, domin ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya fito gaban jama'a ya ce an damfare shi a harkar kirifto, wato kuɗin intanet, da ya shafe shekaru yana cikinta. Dala 2,400 aka cinye mini, duka a USDT, kuɗin kirifto da darajarsa ke bin ta dala, kuma 700 daga ciki na ƙanina ne, wanda ya damƙa mini amana saboda ya san ba na tsoma kuɗi a abin da ban bincika ba.

Ina so a fahimci cewa ni ba sabon shiga ba ne. Ina cikin kasuwar kirifto a watan Mayun 2022 lokacin da kuɗaɗen kirifto na Luna da UST suka ruguje cikin 'yan kwanaki, kuma ko kwabo ban rasa ba, domin tun farko ban gamsu da ribar kusan kashi 20 cikin 100 da ake alkawarta wa masu ajiyar UST a shekara ba. Da FTX, dandalin musayar kirifto, ta durƙushe a watan Nuwamban shekarar, kuɗina yana cikin walat, wato ma'ajiyar kirifto, da ni kaɗai ke riƙe da makullinsa. Ban taɓa biyan kuɗin sigina, wato shawarar lokacin saye da sayarwa, ba, ban taɓa sayen tokin, wato wani kuɗin kirifto, don wani mai mabiya ya tallata shi ba. Saboda haka duk wanda zai ce kwaɗayi ne ya kai ni, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Mutumin da ya damfare ni bai taɓa cewa in saya ba. Mun haɗu a wani zauren tattaunawa na Telegram, ya yi kusan wata biyu yana bayani mai ma'ana kan kasuwa, har yana tsawata wa masu gaggawa. Ranar da na tambaye shi game da sabon tokin da ya ambata sau ɗaya tak, amsar da ya ba ni ita ce: "Yallaɓai, kada ka yarda da maganata, je ka yi bincikenka da kanka." Wannan jimlar ce ke hana ni barci. Ya faɗi ainihin abin da ni nake faɗa wa mutane, shi ya sa na saki jiki. Sannan ya turo mini adireshi uku: shafin tokin, takardar bayanin aikin, da takardar shaidar cewa wai an tantance kwantiragin, wato tsarin kwamfutar da ke tafiyar da tokin. Na kwana biyu ina karantawa, ina rubuta tambayoyi, ina ganin bincike nake yi, alhali duk takardar da na buɗe daga hannunsa ta fito.

Kuma ban tsaya nan ba. Na shiga BscScan, shafin da ke nuna masu riƙe da tokin da cinikinsu, na ga dubban masu riƙe da tokin, ban lissafa cewa mutum ɗaya zai iya buɗe tarin walat ya rarraba musu tokin da kuɗi kaɗan ba. Na sayi na dala 100 don gwaji, na sayar bayan kwana uku, kuɗin ya dawo har da riba. Wane mai hankali ne ba zai ɗauki wannan a matsayin hujja ba? A nan ne na zuba dala 2,400 a karo biyu, 1,700 nawa, 700 na ƙanina.

Kafin wannan ma, ko dai tsakanin gwajin da zubi na farko, na nuna wa wani abokin harka da ya girme ni a kasuwar. Tambaya biyu ya yi mini: shin mai tokin ya saki ikonsa kan kwantiragin, kuma shin an kulle rumbun kuɗin da ake musanya da shi? Na ce masa na gama bincikena, ba na aiki da shawarar kowa. Wallahi haka na faɗa masa. Na ƙi shawarar wanda ba shi da abin da zai ci a jikina, na rungumi takardun wanda zai ci dala 2,400, domin kawai shi ya ce kada in yarda da shi.

A allo kuɗin ya haura dala 6,000. Da na danna sayarwa, cinikin ya ƙi wucewa, amma an cire kuɗin cajin da ake biya kan kowane ciniki. Na sake gwadawa sau biyar. Ashe a cikin kwantiragin akwai layin da ya bai wa mai shi damar hana duk walat ɗin da ya ga dama sayarwa, kuma dalilin da farashi ke ta hawa ke nan, tunda ana saye ba a iya fitarwa. Na yi wa mutumin Telegram ɗin magana, ya ce gyara ake yi, in yi haƙuri zuwa safiya. Da safe an kwashe rumbun gaba ɗaya, an goge zauren, sunansa ya ɓace. "Je ka yi bincikenka da kanka," har yanzu ina da saƙon, da hotunan hirarmu da lambobin kowane ciniki, kuma zan wallafa su da zarar na rufe bayanan ƙanina.

Idan wanda ke tallata abu ne ya ba ku wurin da za ku bincika shi, ku rufe ku nemi naku. Ku yi tambayoyi biyun nan da aka yi mini, kuma kada gwajin ƙaramin kuɗi ya ruɗe ku. Masu turo saƙo cewa za su dawo da kuɗin idan an biya su wani abu, uku sun riga sun same ni, su ma ɓarayi ne, domin cinikin da ya shiga bulokcen, wato kundin da ake rubuta cinikin kirifto, ba ya komawa baya.

Ƙanina ya kira ni jiya yana tambayar yadda kasuwa take, na ce masa zan zo mu yi magana ido da ido. Dala 700 ɗinsa zan biya shi daga albashina ko da zai ɗauke ni wata shida.