Curin gashi a cikin kyanwa: mataji ko man tuɓ?

'Yar uwa, kin ce kyanwarki mai dogon gashi tana yawan amayar da curin gashi, kina kuma tambaya ko ki sayi man nan na cikin tuɓ da ake lasa musu, ko kuwa taje ta kawai ya isa. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Harshen kyanwa cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, shi ya sa kike jin kaushi in ta lashi hannunki. Gashin da ya maƙale a kansu ba ta iya tofar da shi, dole ta haɗiye. Yawancinsa yana bin kashi ya fita. Wanda ya tsaya a tumbi shi ne ke curewa, kuma in ta amayo shi za ki gan shi dogo kamar yatsa, jiƙe sharkaf, saboda ta siririyar hanya ya biyo.

Mataji yana tare matsalar tun daga waje: duk gashin da kika kwashe a buroshi, gashi ne da bai shiga cikinta ba. Masu dogon gashi irin su Persian da Maine Coon kullum ake taje su, ko na 'yan mintuna ne, musamman lokacin da suke zubar da gashi. Ki bi kwanciyar gashin, ki kula da hammata da bayan kunnuwa inda yake yawan cukurkuɗewa, in kin gama ki share ta da tsumma mai ɗanshi. Wahalarsa kawai haƙuri, domin wasu kyanwoyin ba sa son a taɓa musu ciki, sai an bi su da lallashi. Ribar da ba a cika faɗa ba ita ce garin taje ake gano ƙuma ko ƙuraje, waɗanda su ne ke sa kyanwa lasar jikinta fiye da kima.

Shi kuwa man tuɓ sai gashi ya riga ya shiga yake aiki. Yawanci da basilin ake haɗa shi, yana sa curin santsi ya wuce ta hanji. Yana taimakawa, amma ba ya rage ko sili ɗaya daga abin da take haɗiyewa, kuma yawaita shi na iya hana jikinta tsotse bitamin A, D, E da K. A ba ta tsakanin lokutan cin abinci, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin tuɓ ɗin. Kada ki kuskura ki ɗura mata man farafin na ruwa, yana iya zarcewa huhu.

In ni ce, da mataji zan fara, man ya zama na lokaci-lokaci. Abinci mai yawan faiba (wato ɓangaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa) da wadataccen ruwan sha su ma suna taimakon hanji.

Akwai inda duka biyun ba su da amfani. In tana ta yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, ta ƙi abinci, kashi ya ɗauke, jikinta ya mutu, hanji na iya toshewa ne, kuma wani lokaci sai an yi tiyata; a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Haka nan in ta durƙusa ta miƙa wuya tana tari busasshe, a duba ta ko asma ce.