Tof set na Peugeot 504 a kasuwar Kaduna: wanne ya cancanci kuɗinka, kuma ina iyakarsa

Duk wanda ya jawo tsohuwar 504 daga ƙarƙashin bishiya da niyyar tayar da ita a gida, ba zai daɗe ba zai tsinci kansa a gaban mai shago yana tambayar tof set. Shi ne kwalin nan mai faɗi da ke ɗauke da tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (tof silinda) da gangar jikinsa (bulok), da sauran gasket na saman inji. Samunsa ba wuya a Kaduna, kuma ba abin mamaki ba ne: a Kakuri kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara haɗa Peugeot a 1975, ita kuwa 504 ba a daina haɗa ta a nan ba sai 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta sallame ta. Don haka daga Ori-Apata zuwa Panteka kayanta na nan. Wahalar ita ce kwalayen duk kama suke yi da juna, abin da ke ciki kuwa ya bambanta ƙwarai.

Hukuncinmu a taƙaice: matsakaicin set, mai sunan kamfani da lambar kaya a jikinsa, ya isa ya riƙe injin Fijo shekaru. Mafi arhar kuwa a bar wa mai shago kayansa. Sai dai sau da yawa tof gasket da ke sake ƙonewa bayan wata biyu ba laifin gasket ba ne, laifin silif ne (bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a cikinsa) da ya motsa lokacin kwance inji, kuma babu kwalin da zai gyara wannan.

Kafin a je kasuwa a san injin da ke cikin motar. Rubutun da ke bayan but ba hujja ba ne, domin motar da ta kai shekara talatin ko arba'in wataƙila an sauya mata inji fiye da sau ɗaya. Babban injin fetur, XN1 mai cc 1971, faɗin silindarsa milimita 88 ne. Ƙaramin, XM7 mai cc 1796, nasa 84 ne, haka ma mai cc 1618 da ake samu a wasu a-kori-kura. Tof gasket ɗinsu ido ba ya saurin rarrabewa, ramukan kusoshi kuma za su hau, amma in aka ɗora na 84 a kan silif 88, bakin zoben ƙarfen da ke zagaye da ramin gasket zai leƙo cikin silinda inda wuta ke ci, kuma ba zai ɗauki lokaci ba zai ƙone. Abin da ya fi shi ne a kwance tukuna, a auna bakin silif, a naɗe tsohon gasket a jarida a tafi da shi. In mai shago ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, Fijo Fijo ce," a ce masa, "Malam, ɗora min shi a kan wannan mu gani." Ramin silinda, ramukan ruwa, ramukan da sandunan bawul ke bi, kowanne ya zauna a kan ɗan'uwansa.

Tof set kashi uku ake samu. Akwai tsohon ajiya na asali, wanda ya kwana a shago shekara da shekaru. Tof gasket ɗinsa yawanci shi ne gwani, in dai bai sha damshi ba kuma ba a lanƙwasa shi ba, amma robobin da ke tare da shi sau da yawa sun bushe. A matsa ɗaya da farce, in ta tsage ko ta ƙi dawowa to a nemi wasu daban. (Tsofaffin gasket da yawa da asbestos aka yi su, saboda haka wanda ya manne a jikin inji a jiƙa shi kafin a kankare, kada a bi shi da sanfefa a bushe ana shaƙar ƙurar.) Sai matsakaici, wanda shi muke ba da shawara. Sai na ƙarshe, mai kwali mai sheƙi amma babu lambar kaya, wanda zoben ƙarfen da ke zagaye da kowace silinda siriri ne kamar gwangwanin madara.

Wannan zoben shi ne ran gasket. A bi shi da yatsa duka huɗun. Ya zama lafiyayye, a naɗe sosai ta sama da ta ƙasa, babu inda ya ɗaga baki ko ya yi ƙundu. A ɗaga gasket ɗin a hasken rana a duba gefen ramukan ruwa: yankan mai kyau tsaf yake, na banza kuwa za a ga zare-zare. Sannan a nemi alamar da ke nuna fuskar sama. Na Faransa an rubuta DESSUS, ma'ana sama. Wanda ba shi da wata alama ko kaɗan, wannan ma ya gaya maka irin hankalin da aka sa wajen yin sa.

Sauran kayan kwalin a ƙirga su a gaban mai shago. Gasket na murfin bawul, na salansa, na famfon ruwa, domin a wannan inji a jikin tof silinda famfon yake, na tamostat, na gindin kafireto, da robobi huɗu na bututun fulogi. Waɗannan huɗun su aka fi rainawa, alhali fulogin 504 a cikin rami mai zurfi suke a tsakiyar murfi, kuma da zarar robar ta saki sai baƙin mai ya taru a ramin, wayar fulogi ta jiƙe, mota ta riƙa cijewa ana ta zargin kafireto. Abin da kusan kullum ba a samu a matsakaicin set shi ne washar jan ƙarfe ta siririn bututun da ke kai mai zuwa roka (ƙarafan da ke danna bawul) a bayan tof. A saye su daban, ba su da tsada. Tsohuwar washa ta riga ta taurare, in aka mayar da ita mai zai riƙa tsiyaya ta bayan inji, wurin da hannu ba ya kai wa cikin sauƙi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Silindar 504 ba a jikin bulok aka huda ta ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwan lagireto na zagaye su kai tsaye, kowanne yana zaune a kan siririn sil a gindinsa. Abin da ke danne su kuwa tof silinda ne kaɗai. Da zarar an kwance kusoshi goma na tof, babu abin da ke riƙe da su sai nauyinsu da tsatsa. In aka sa hannu biyu aka ɗaga tof ɗin sama kai tsaye, tsohon gasket da ya manne zai iya tasowa da silif ko da kaurin gashi ne, ƙasa da tsatsa su faɗa ƙarƙashinsa, sil ɗin ya tashi daga aiki. A waje ba za a ga komai ba. Sai an haɗa, an zuba ruwa, an yi kwana biyu, a zaro sandar awon mai a ga ya koma kalar shayi mai madara.

Yadda ake kauce wa wannan ba wuya. A bar inji ya huce sarai. A zubar da ruwa ta lagireto, sannan a kwance kusar zubar da ruwa da ke jikin bulok, in ba haka ba ruwan da ya rage zai kwarara cikin silinda. A kwance kusoshi daga waje zuwa tsakiya, a ɗauke roka, a zare sandunan bawul takwas a soka su a jikin kwali bi da bi don kowace ta koma raminta. Shi kuwa tof, girgiza shi ake yi gefe da gefe har ya saki gasket, sannan a ɗauke. Kada a cusa sukundireba tsakaninsa da bulok. Alminiyon ne, tabon da aka yi masa ya zauna ke nan. Yana sauka, kafin a taɓa komai, a danne silif: babbar washa mai kauri a tsakanin na ɗaya da na biyu, wata tsakanin na uku da na huɗu, a ɗaure su da kusar tof da guntun bututu. Kafin a yi haka ba a juya inji, ba a tura mota tana cikin giya. Fistin ɗaya ya motsa, zai tafi da silif ɗinsa.

A nan ne kuma iyakar tof set take, kuma ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya: babu sil na gindin silif a cikinsa. In alamar motarka kumfa ce a bakin lagireto, tiyo na kumbura da ƙarfi, da farin hayaƙi a salansa, tof set zai iya warkar da ita. In kuwa ruwa ne ke sauka cikin baƙin mai alhali inji na tashi lafiya babu kumfa, akwai yiwuwar daga ƙasa ne, kuma abin da ake bukata ful set ne, wato gasket na inji duka, da fitar da silif gaba ɗaya. Sil ɗin kauri-kauri ne, ana rarrabe su da launi, domin da su ake daidaita tsayin silif. Dole kowane silif ya ɗara fuskar bulok da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, huɗun kuma su yi kusan kai ɗaya. Wannan 'yar ɗarawar ce ke cizon zoben gasket. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan silif, a zura fila geji, siririn ƙarfen auna gibi, tsakaninsa da bulok. Silif ɗin da ya nutse ya yi daidai da bulok, ko gasket na zinariya aka sa masa zai hura.

Shi ma tof a gwada shi da miƙaƙƙen ƙarfen nan, a tsaye da kuma kusurwa zuwa kusurwa. In fila ta milimita 0.05 ta wuce ƙarƙashi, ya banƙare, sai a kai wa masu injin goge tof su ɗauke kaɗan. A ce musu kaɗan, domin yawancin waɗannan an taɓa goge su a baya. A duba kuma bakin ramukan ruwa. Shekaru ana zuba ruwan rijiya zalla babu maganin tsatsa yakan cinye alminiyon ya yi rami-rami, in ramin ya kusanci inda zobe ke zama sai an cike da walda kafin a goge.

Wajen haɗawa kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko gam. Tof gasket a bushe ake sa shi, fuska biyu tsaf, an goge da fetur an bar su sun bushe; gam na murfin bawul ne da famfon ruwa, shi ma shafa kaɗan. Na biyu ramukan kusoshi. Ruwa da mai sukan taru a cikinsu, in aka ɗaure kusa a kai sai ta yi tauri tun ba ta danne komai ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. A naɗa tsumma a waya a tsane kowane rami, a wanke zaren kusoshi da burushin ƙarfe, a ɗiga musu mai kaɗan a zare da ƙarƙashin washa. Mai aiki a tsakar gida lokacin hunturu ya rufe injin da leda duk sanda ya tashi, ƙurar Kaduna ba ta jiran a gama sallah.

Ɗauri ba aikin ƙarfin damtse ba ne. A ari sifanar awo ko a yi hayarta, wannan ba wurin kintace ba ne. Ga XN1 da XM7 masu kusoshi na asali, ana farawa daga tsakiya ana zagayawa zuwa waje, a kai kowace kilo 5 (m.kg) a jikin sifanar awo. Sannan a dawo ta farko a sassauta ta, a ɗaure ta kilo 2, a ƙara mata rubu'in zagaye, wato digiri 90, a wuce ta gaba, ɗaya bayan ɗaya har goma. Ɗigon fenti a kan kowace kusa yana nuna wadda aka juya da wadda ba a juya ba. Injinan ƙarshe-ƙarshe da suka zo da wasu irin kusoshi awonsu daban ne, nasu littafin ake bi.

Daga nan sai bawul, inji a sanyi: gibin na shiga milimita 0.10, na fita 0.25. In bawul ɗin fita na silinda ta 1 ya buɗe sarai, a saita na shiga na 3 da na fita na 4. In na 3 ne, na shiga na 4 da na fita na 2. In na 4 ne, 2 da 1. In na 2 ne, 1 da 3. Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda, amma a wannan lissafin ko ta wane gefe ka fara daidai zai fito.

Baƙin mai a sauya shi da filta, kusan lita 4, domin ko yaya aka yi hankali wani ruwa ya sauka. Ruwa kuwa ya kusa lita 8, a haɗa da maganin tsatsa. A mayar da tamostat. Mun san al'adar cire shi da sunan ƙasarmu da zafi, amma injin da ya tafasa a watan Afrilu lagiretonsa ne ya toshe, ko fanka ba ta kamawa, ko murfin lagireto ya saki, kuma in ba a gano wanne ba ne sabon gasket zai bi sahun tsohon.

Akwai abu ɗaya da ya rage da ya kamata a faɗa: tof gasket yana kwanciya bayan ya sha zafi, don haka sake ɗauri dole ne. Bayan kamar kilomita 1,000, a bar motar ta kwana, da safe a bi kusoshin da tsarin farko, a sassauta ɗaya, kilo 2, rubu'in zagaye, sannan ta gaba. Kada a sassauta biyu lokaci guda. A sake saita bawul bayan nan, domin roka a kan waɗannan kusoshin take zaune, tof na sauka gibin bawul ya canza.