Madubin hangen nesa mai faɗin milimita 130: hoton kwali daban, abin da ido ya gani daban

Wata biyu ina tara kuɗin madubin nan, kuma hoton da ke jikin kwalinsa ne ya ja ni: zoben M57, wani gajimaren iska mai haske can cikin taurari, cikinsa shuɗi, gefensa ja, gwanin sha'awa. Mai shagon har da rantsuwa: "Malam, wallahi haka za ka gan shi." Ko dai ya yi mini wayo, ko shi ma bai taɓa leƙa abin da yake sayarwa ba.

Na haƙura har damina ta ja baya. Tsakiyar Oktoba sama ta washe, hazo bai sauko ba, ga shi an ɗauke wuta bayan isha'i, unguwa ta yi duhu ƙirin. Na kafa shi a tsakar gida, na nemo tauraron Vega, sannan na gangara tsakanin taurarin Sheliak da Sulafat inda zoben yake. Kusan awa guda ina lalube, saboda ƙafafun madubin rawa suke kamar mazari, da ka ɗan taɓa sai tauraro ya tsere. Da ƙyar na kama shi. Wani ɗan mitsitsin zobe ne toka-toka, kamar hayaƙin da aka busa ya tsaya cak. 'Yata ta karɓa ta kanne ido ɗaya, ta ɗago: "Baba, ina launin?" Na rasa ta cewa. A daren na yanke shawarar mayar da kaya.

Da kowa ya kwanta na koma na zauna, sai zuciyata ta fara sanyi. Hayaƙin nan fa tauraro ne irin ranarmu da makamashinsa ya ƙare, ya kumbura, ya watsar da iskar da ta lulluɓe shi. Ƙwayar da ta rage a tsakiya, mai tsananin zafi, ita ke haska iskar, kuma wannan haske ya fi shekara 2,000 a hanya kafin ya shigo tsakar gidana. Irin wannan gajimare shekaru dubbai kawai yake yi ya baje, sinadaran da ya zubar su shiga cikin sababbin taurari. Masana sun ce ranarmu ma hanyar da za ta bi ke nan bayan shekara biliyan 5 ko fiye. Launin kuwa aikin kyamara ne mai daɗewa tana tara haske, idon mutum ba ya rarrabe launin abu maras ƙarfin haske. Wannan ba laifin madubi ba ne.

Washegari na gwada wani gajimaren irinsa mai suna M27, wanda masanin taurari Charles Messier ya gano a 1764. Ya fi girma, ya fito raɗau da siffar turmi, tsukakke a tsakiya. Nan kam na ji kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma fa ban yafe ba. Gilashin leƙawa mai milimita 10 da suka haɗo roba ce zalla, komai dishi-dishi yake a ciki. Kusar ɗaure ƙafa ta karye a dare na huɗu, yanzu da tsumma da robar tayar keke na ɗaure ta. Na kira mai shagon sau uku, a na ƙarshe yaronsa ya ɗauka ya ce Alhaji ya yi tafiya.