Vendée Globe ko The Ocean Race: wacce matuƙi zai nufa?

Masu sha'awar tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska sun sha tambaya: cikin waɗannan gasanni biyu na zagaye duniya, wacce ta fi? Duka biyun ana yin su da samfurin jirgin tsere da ake kira IMOCA, mai tsawon mita 18.28, amma wahalarsu ba ɗaya ba ce.

Vendée Globe, wadda aka fara a 1989 daga Les Sables-d'Olonne a Faransa, ta mutum ɗaya ce. Ba tsayawa, ba taimako. In ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi ya yage, kai za ka ɗinke. Barci kuwa guntu-guntu. Matuƙi ɗan Faransa Charlie Dalin ya kammala ta a 2025 cikin kwana 64. The Ocean Race, da ta samo asali a 1973, ƙungiya ke yin ta, zango-zango, ana gyara jirgi a tashoshi. Kuɗinta ya fi yawa saboda albashi da jigilar ma'aikata.

Wani babban haɗari da suka yi tarayya a kai shi ne karo da kifin wel, wata ƙatuwar dabbar teku. Yawancin jiragen na da fukafukai a ƙarƙashin ruwa, kuma a irin gudunsu karo ɗaya kan karya fiffike ko sitiyari, ya kuma raunata dabbar. Shi ya sa a 2024 Vendée Globe ta hana ratsa wasu wurare kusa da tsibiran Azores da ke Tekun Atlantika. A nan ƙungiya ta fi, don akwai mai gadi dare da rana.

Wanda ya ƙware a gyara, yake jure kaɗaici, Vendée ce tasa. Mai neman gogewa kusa da manya, ya fara da The Ocean Race.