Sharhi: Digirin malamin addinin Furotesta a Jami'ar Münster, Jamus

A yawancin jihohin Jamus, addini darasi ne na aji kamar lissafi, domin sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya tanadi hakan. Tsarin da Münster ke horar da malaman wannan darasi mai kyau ne, amma yana kayar da duk wanda ya shiga ba shiri.

Ba a karanta addini shi kaɗai. Mai son koyarwa a babbar sakandare zai haɗa shi da wani darasi, misali Tarihi ko Turanci, da kuma ilimin koyarwa. Digirin farko zango 6 ne (kowane zango rabin shekara), na biyu zango 4, kuma a cikinsa akwai zango guda na gwajin koyarwa a makaranta. Daga nan sai horon aiki na wata 18 da alawus. Kuɗin makaranta babu, sai na zango, Yuro 300 da 'yan kai, har da tikitin bas da jirgin ƙasa. Ta fuskar araha kam, sai a yaba.

Karatun yana da zurfi: Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, tarihin Ikilisiya, tauhidi da dabarun koyar da yara. Ana nazarin Littafi Mai Tsarki ne ta hanyar binciken tarihi, don haka wanda ya zo da tsammanin makarantar wa'azi zai ji banbaraƙwai.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne harsuna. Mai son koyarwa a babbar sakandare yana bukatar Helenanci, sannan Latinanci ko Ibrananci. Helenanci kaɗai yakan ci zango biyu ko fiye, kuma wasu darussan Sabon Alkawari ba sa buɗuwa sai an ci jarrabawarsa. Wanda ya ɗage shi zuwa shekara ta uku, shekarar kammalawarsa ya ɗage. A fara shi tun zangon farko. Malamin firamare an ɗauke masa wannan nauyi.

Sai izinin coci, wato Vokation. Takardar jami'a ba ta isa a shiga aji ba, dole cocin yankin ya amince, kuma zama ɗan coci sharaɗi ne. Ɗan ECWA ko COCIN da ke da niyya ya rubuta wa ofishin cocin Furotesta na Westfalen, yankin da Münster take, tun kafin ya nemi gurbi, ya ji matsayinsa a rubuce. Ya kuma tanadi shaidar Jamusanci mai ƙarfi, irin DSH-2, tunda da shi ake koyarwa.