Tsohuwa tawa a Tawa: shekara shida ina yi wa Land Cruiser hidima a ƙofar gida

Motar ta girmi ɗana na fari da shekara tara. Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1994, mai injin gazuwal, wato dizal, wanda ake kira 1HZ. A 2019 na saye ta a Yamai hannun wani ɗan kasuwa, bayan ta gama wahalar wata ƙungiyar agaji, ta kuma gama tasa. Ranar da na shigo da ita Tawa, uwargida ta leƙo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Malam, kishiya ka kawo mana ko kaka?" Sunan ya bi ta. Har yau Kaka ake ce mata a gidan.

Abokai da dama sun tambaye ni ko mutum zai iya riƙe tsohuwar katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, irin wannan ba tare da ya zama bawan garaji ba. Zai iya, in ya yarda hannunsa ya yi baƙi, ya kuma san inda iyakarsa take. Ni ba makanike ba ne. Albasa nake saye da sayarwa, hanyata Keita, Buza, Badagishiri da Galmi, wuraren da dutse da yashi ke gwada mota kowace rana.

Abin da ya sa hidimar gida take yiwuwa shi ne injin kansa. Silinda shida a jere, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta, famfon gazuwal ɗinsa ma inji ke juya shi. In ka ɗaga murfi komai yana gabanka, hannu na kaiwa. Tun 1990 Toyota ta fara yin sa, kuma shi ne a cikin yawancin a-kori-kura samfurin 70 da ke yawo tsakanin Tawa da Agadas, saboda haka kayansa ba sa wuyar samu, masu saninsa ma haka.

Da farko garaji nake kai ta bidanji, wato canjin man inji, kamar kowa. Wani tsohon direba maƙwabcina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Agadas da Arlit, shi ya buɗe mini ido. Wata safiya ya sunkuya ya kankare filtar mai da farce, ya miƙe ya ce, "Ɗana, yaushe aka canza wannan?" Na ce shekaranjiya, Baba. Ya yi dariya ya ce goge ta aka yi da tsumma, ba a canza ba. Sau uku ke nan ina biyan kuɗin sabuwa. Ban koma na yi rigima ba, sifana na je na saya.

Bidanji shi ne mafi sauƙi. Sifana mai lamba 14 don kwance toshiyar ƙasa, jarkar da aka yanke gefenta don tarar baƙin mai, da abin kwance filta. Motar tana da tsawo, ba sai an ɗaga ta ba, buhu kawai nake shimfiɗawa in shige ƙasa, in tare tayoyi da duwatsu, abin da Adar, ƙasarmu ta Tawa, ba ta taɓa rasawa. Ina tayar da inji minti biyar don man ya saki jiki, sannan in kwance. Tana shan kusan lita 10 na 15W-40, kuma kowane kilomita 5,000 nake canzawa tare da filta, ba na jira ya wuce. Kafin in ɗaura sabuwar filta ina shafa wa robar bakinta ɗan mai, in ɗaure da hannu kawai. Tsohon man ba na zubar da shi a ƙasa, masu rumfuna suna karɓa su shafa wa itace saboda gara. A cikin ƙaramin littafi nake rubuta kilomita da ranar, don kai yana mantuwa, kuma mai mota yakan yi wa kansa ƙarya cewa bai daɗe da canzawa ba.

Filtar iska ita ce abin da mutane ke rainawa, alhali a ƙasarmu ita ce mai gadin inji. Gidanta zagaye ne, yana juya iska ya jefa ƙura mai nauyi cikin wani ɗan kofi a ƙasa. Lokacin hunturu, in na yi sati ban zazzage kofin ba, abin da ke fitowa ya isa a cika gwangwanin tumatir. Na daina buga filtar a jikin taya kamar yadda ƴan tasha ke yi, don takardar tana tsagewa ba ka gani ba. Na kuma hana mai faci ya sa mata iska da ƙarfi. A hankali ake hurawa, daga ciki zuwa waje. Da dare nakan sa cocila a cikinta, in na ga haske ya ɓullo ta wata kafa, ta gama aiki ke nan.

Gazuwal ne ya fi koya mini hankali. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a 2011 ba mu cika kukan na gidan mai ba, amma wanda ke shiga daji wata rana dole ya sayi na jarka ko na duro, kuma ba ka san abin da ke kwance a gindin duron ba. Wata damina, ina dawowa daga Keita da buhuna a baya, sai wata fitila da ban taɓa gani ba ta kama a gabana, inji ya fara tari yana shaƙewa. Na tsaya ƙarƙashin wata gawo na kira Baba. Ya ce, "Kada ka ƙara taka ta. Duba gindin filtar gazuwal, akwai abin murɗawa. Sassauta shi, ka danna famfon da ke sama." Abin da ya fara zubowa ruwa ne, mai launin shayin da aka yi wa zubi na uku, sannan gazuwal ya biyo. Na ɗaure, na ci gaba da dannawa har famfon ya yi tauri, na murɗa makulli ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Daga baya ya yi mini bayanin dalili. Babban famfon da ke tura gazuwal cikin inji ba shi da wani mai na daban, gazuwal ɗin da ke ratsa shi ne yake shafe ƙarafansa. In ruwa ya shiga, ƙarfe na cin ƙarfe, tsatsa ta biyo baya, kuma gyaran wannan famfon yana cikin mafi tsada a motar gaba ɗaya. Tun ranar ba na fita sai da sabuwar filtar gazuwal a ƙarƙashin kujera, da mazurari da farin ƙyalle don tace na jarka. Duk wata nakan tsiyaye gindin filtar ko fitila ba ta kama ba.

Sai maganar jabu, wadda ta fi komai ɓata mini rai. Kwali yana da suna, yana da launi, har da lamba, amma abin ciki Allah kaɗai ya san inda aka yi shi. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, na ƙwarai ya yi tsada, na banza ya samu kasuwa. Na taɓa yanka filta biyu da zarto, ɗaya ta ainihi ɗaya mai araha da na saya a wani shago. Takardar cikin mai arahar ba ta kai rabin ta ɗayar ba, gam ɗinta ma ya saki. Yanzu ina auna nauyi a hannu, in duba tsabtar zaren baki, in kuma tsaya ga mai shago ɗaya da ke faɗa mini gaskiya cewa wannan na ainihi ne, wannan kuwa mai bi masa ne. Mai bi masa na kamfanin kirki ba laifi ba ne, wanda ya ari rigar wani ne matsala.

Cikin duk kayan aikin da na saya, famfon giris da na samo a kasuwar Katako ta Yamai shi ya fi biya na. Sandunan kardan biyu, na gaba da na baya, masu kai ƙarfin inji zuwa gatarin tayoyi, suna da ƴan nonuwan giris a mahaɗansu. Kowane bidanji nake bin su ɗaya bayan ɗaya, haka kuma duk ranar da na ƙetare korama da damina. A goge nonon tukuna, in ba haka ba yashi kake turawa ciki. Na yi kuskure sau ɗaya: wurin da sandar ke shiga tana fita na yi ta danna masa giris har ya cika taf, motar ta kama rawar jiki a hanya. Baba ya ce, "Ciyarwa aka ce ka yi, ba ɗura ba." Sai da muka cire nonon abin da ya yi yawa ya fito. Man gatarin gaba da na baya kuma, sifana 24 ce, kuma kullum toshiyar zubawa nake fara kwancewa kafin ta tsiyayewa, don kada in zubar da mai sannan in tarar ta sama ta ƙi motsi. In man ya fito fari-fari kamar an dama fura, ruwa ya shiga, a canza shi a ranar.

Akwai aikin da ya kusa sa in tuba. A kowane ƙarshen gatarin gaba akwai wata babbar ƙwallon ƙarfe, cikinta mahaɗin da ke juya taya yake, cike da giris. Man gatari yana can ciki, wata ƴar roba ce ta raba su. In robar ta mutu, su biyun su gauraye su dinga dalalowa bayan taya kamar miyar kuka. Na ga haka a hagu, na sayi kayan gyara, na ce aikin yini ɗaya ne. Kwana biyu motar tana kan kututture. Wasu ƴan zobba masu tsini sun maƙale sun ƙi fita sai da dabarar bugu, babban noti yana son soket mai lamba 54 wadda ba ni da ita, ga shi na zaɓi watan Janairu, iska na yayyafa ƙura a kan kowane boris da na wanke. Baba ne ya zo ya zauna a kujera yana ba da umarni, shi ya kuma daidaita ɗaurin boris ɗin, yana juya cibiyar da hannu yana saurare kamar mai gwada kankana. Ana iya yin sa a gida, amma karon farko a samu wanda ya taɓa yi, a kuma yi shi cikin zaure.

Bel ɗin cikin inji kuwa, wanda makanikanmu ke kira kuruwa, sunan ya dace, don kurwar injin ce. A kilomita 100,000 ake canza shi, akwai fitilar da ke tunatarwa. In ya tsinke ana tafiya, fistan da bawul su yi karo, ka tashi daga canza roba ka koma buɗe kan inji. Wannan ba na taɓawa. Ni nake sayo bel ɗin da abin ɗaure shi, in kai wa wanda na yarda da shi, in zauna a benci har ya gama. Haka famfon gazuwal, da alluran feshi, da saitin bawul.

Zafi ma sai an lura. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, idona yana kan allurar zafi fiye da hanya. Na daina zuba ruwan rijiya a lagireto tun da na ga farin ɓawon da yake bari, irin na cikin butar shayi. Bayan kaka kuma ƙarangiya da ƙaiƙayi suna toshe fuskarsa, sai an wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi.

Ba zan ɓoye abin da ba na so ba. Ba ta da sauri ko kaɗan. Tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi manyan bas suna wuce ni, yaran cikinsu na ɗaga mini hannu. A lissafina tana cin lita 12 zuwa 14 a kilomita 100, ya danganta da kaya da yashi, kuma cika tankin lita 95 ba wasa ba ne ga aljihu. Tayoyinta 7.50R16 masu tub suna da nauyin da ke tuna maka shekarunka, rim ɗin kuma mai zobe ne, mai faci kaɗai nake bari ya buɗe shi don zoben yana iya tsalle ya raunata mutum. Sanyin cikinta ya mutu tun kafin ta zo hannuna, ban kuma tashe shi ba. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce a Yamai, wannan ba motarsa ba ce, kuɗinsa zai ƙone a banza. Amma mai shiga Adar da damina, ko mai zuwa Abalak da Cintabaraden, ban san abin da zan nuna masa da ya fi ta ba a kuɗin da ake sayen ta.

Wani ƙaramin abu da na kusa mantawa: sau ɗaya a wata nakan murɗa makullan tayoyin gaba, in sa ta a ƙafa huɗu, in zagaya cikin yashi kilomita biyu ko uku don mai ya motsa a gatarin gaba. A kan kwalta ba a yin haka.

Yanzu ɗan ƙanwata ne ke shiga ƙarƙashi, ni ina miƙa sifana. Makon jiya ya leƙo daga ƙasa da baƙin mai a goshi ya ce, "Kawu, robobin sandunan baya sun tsattsage." Na sunkuya na gani, gaskiyarsa. Na aika a kawo mini daga Yamai, in sun iso kafin Asabar za mu sa su, don Lahadi kasuwar Tawa ce, Kaka tana da kaya.